Mai Zane

"Ni da furfurata za ki goya wa jaka kamar ɗan firamare?"

Baba ne ke faɗa yana jujjuya jakar goyon da Auta ta miƙa masa. Mama da ke bakin gado tana shafa mai a ƙafa ta tuntsire da dariya. "Goya mana, Malam! Yau dai ka ɗanɗana abin da muka sha."

Ɗakin Auta ɗan ƙarami ne. Gado ɗaya, teburin karatu, sai wani tsohon zane shuɗi mai ganye ruwan ɗorawa da ta shimfiɗa a kan filo, na marigayiya kakarta, mahaifiyar Baba. A wannan ƙasa mai nisa take karatu, iyayen kuma sun zo ne su buɗe ido, su kuma ga Dogo, saurayin da ta ce in ba shi ba sai rijiya. Baba tela ne, a kan keke ya tsufa, kuma ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai ga sana'arsa da idonsa ba.

To, a nan ƙura take. Ranar da ya tambaye ta sana'ar Dogo a waya, ta ce, "Mai zane ne, Baba." Shi kuwa ya yi kabbara. "Masha Allah! Tela da mai sayar da zannuwa ai gida ɗaya ne!" Da ta ji murnarsa sai ta ja bakinta ta yi gum. Alhali Dogo ko ƙyalle bai taɓa sayarwa ba, zanensa na bango ne, da fenti da tsani. Sau nawa yake ce mata, "Filis ki gaya musu gaskiya," kullum amsarta gobe.

Suka fita yawo. Kai, Baba akwai tambaya! A jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari sai da ya nemi sanin ta inda iska ke shigowa. A gidan tarihi, maimakon ya kalli takubba, rigar wani tsohon soja ya tsaya leƙa wa kafa, yana cewa wanda ya ɗinka ta ya san hannunsa. Mama kuwa tana ta sha musu selfi a kan gada, kan Baba rabi a ciki rabi a waje.

"Wai yaushe za mu shagon surukin namu?" in ji Mama. "Ina so in ga irin atamfar garin nan."

"Sai... sai yamma, Mama." Auta ta kawar da kai.

Ba su kai yamma ba. Baba ya hango wani lungu mai launi kamar an zubar da kwandon zare, ya karkata ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Bangon farko kifi ne ya kai girman bas. Na gaba tsuntsaye ne suna fita daga cikin butar shayi.

"Ikon Allah! Wa ya ɓata wa mutane katanga haka? Babu hukuma a garin nan?"

"Hukumar ce ke ba su izini, Baba. Mu juya, filis, ba nan ce hanya ba!"

Ina! A ƙarshen layin wani dogon saurayi na kan tsani yana shafa shuɗin fenti a jikin wani makeken bango. Yana waigowa ya sauko da sauri, ya durƙusa har ƙasa, hannu duk fenti. "Baba, barka da zuwa. Mama, ya hanya?"

"Wane ne wannan?"

Auta ta ce, "Dogo ne."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "To, ina shagon?"

Dogo ya kalli Auta, nan take ya gane ba ta faɗa ba. Bai tona ta ba. Ya nuna bangon kawai ya ce, "Ga shi, Baba. Irin zanen da nake yi ke nan."

Mama ta dafe ƙirji tana salati.

"Ni za ki mayar wawa?" Baba ya daka wa Auta tsawa. "Na cika kasuwa da labarin surukina ɗan kasuwa! Ba fentinsa ne ya ƙona min rai ba, shirunki ne. Maganar aure kuma a ajiye ta!"

Auta ta fashe da kuka. "Sori Baba, wallahi tsoro na ji..."

Ko kallonta bai yi ba. Dogo ya goge hannunsa a wando ya ce, "Baba, kawo jakar, tashar da nisa."

"Ba na so!"

Bai yi taku nawa ba bayansa ya ƙage, dole ya sauke ta. Dogo ya ɗauka ya goya.

Haka aka yi ta yi har sauran kwanakin. Kullum da safe Dogo na bakin ƙofa. Shi ne ɗaukar jaka, shi ne nemo wa Mama wurin zama a jirgi, shi ne riƙe lema in ruwa ya sauko. Baba ba ya amsa masa komai sai sallama. Auta ta rame, ta ce wa Dogo su haƙura kawai. Ya ce, "Mahaifinki ne fa. Ko shekara zai yi yana fushi, ni mai ɗaukar jakarsa ne."

Amma mai tambaya ba ya iya riƙe ta a ciki. Ana gobe za su koma, suna zaune a wurin shaƙatawa, Baba ya yi gyaran murya, fuska a murtuke. "Kai, wai ta yaya kake fitar da layi ya miƙe a bango mai girma haka, ba tef ba alli?"

"Akwai alli, Baba. Har da zare."

"Zare?" Baba ya miƙe tsaye. "Mu je in gani."

Da suka isa, an janye tsani, aiki ya kammala. Baba ya ɗaga kai, sai ya sandare. Zane ne shuɗi mai ganye ruwan ɗorawa, a shanye a kan igiya, iska na kaɗa shi, tsayinsa ya kai hawa uku. A gefen ƙasa ga wani faci, ɗinkinsa a karkace kamar tafiyar ɗan tatata.

"Zanen Inna..." Ya matsa ya shafa facin da yatsa. "Me ya sa ba ka gyara ɗinkin nan ba? Ai a karkace yake."

"Auta ta ce Kaka ba ta taɓa yarda a farke shi ba, wai shi ne ɗinkin ɗanta na farko. Shi ya sa na bar shi yadda yake."

Baba ya cire tabarau, hawaye na bin gemunsa. Mutane na wucewa suna ɗaukar hoton zanen uwarsa, a ƙasar da ko sunanta ba ta taɓa ji ba.

Ya daɗe kafin ya juyo. "Auta, ashe ba ƙarya kika yi ba, mai zane ne. Amma da a gida ne, da ni ma na nuna miki nawa zanen, na bulala!"

Mama ta yi dariya har da ƙwalla. Auta ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

"Tashi, na yafe. Ki riƙe wannan: kada tsoro ya sa ki ɓoye wa iyayenki gaskiya, shirun nan saura ƙiris ya raba ki da mutumin kirki. Kai kuma haƙurinka ne ya ba ka mata. Ka turo manyanka."

Dogo ya sunkuya zai ɗauki jakar. Baba ya riga shi, ya saɓa ta a baya da kansa.

"Bar ta, ɗana. Ka goya ta isa haka."