Auta da Tagar Ajin Bene

Auta gwanar mafarkin ido biyu ce. Ko shara aka sa ta, sai ka tarar ta rungume tsintsiya tana kallon sama.

Da ta shiga babbar sakandare, aka ce kowa ya zaɓi darasi ɗaya: ilimin halayyar ɗan Adam, ko lissafi mai zurfi. Bayan mako uku, babu canji.

Auta ta leƙa azuzuwan biyu. Ajin lissafi yana ƙasa, tagarsa bango kawai take kallo. Ajin halayya kuwa yana bene, da wata ƙatuwar taga. Daga can ana hango tsuntsaye a kan wayar lantarki, gajimare yana wucewa a hankali. Nan take ta zaɓi halayya, ba ta shawarci kowa ba.

Kullum Malama tana bayani, Auta tana can wajen tsuntsaye. Ana saura kwana ɗaya a rufe canji, aka raba takardun gwaji. Auta ta ci biyu cikin ashirin. Kunya ta kama ta, har ta yi hawaye.

Malama ta ce, "Auta, wai me kike kallo a tagar nan?"

"Tsuntsaye, Malama. Idan biyar suka sauka a waya, sai in yi ta tunanin jeri iri nawa za su iya yi. Na samu ɗari da ashirin."

Malama ta juya littafin Auta. Bayansa cike yake da lambobi.

"Ikon Allah! To me ya kawo ki ajina?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Taga."

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ba ta takardar canji, ta ce Baba ya sa hannu yau.

Baba kafinta ne. Auta ta same shi yana goge katako, ta faɗa masa gaskiya.

Ya ce, "Auta tawa! Shekara ashirin ina haɗa tagogi, ban taɓa ganin wadda ta koyar da yaro karatu ba." Ya share hannunsa a riga, ya sa mata hannu.

Washegari Auta ta zauna a ajin lissafi, ba sama, ba gajimare. Malam ya fara cika allo da lambobi. Tana kallo, sai ta ga sun jeru kamar tsuntsayenta. Har aka kaɗa ƙararrawa ba ta waiwayi taga ba.

Daga ranar Auta ta gane cewa ana zaɓen darasi ne don abin da zuciya take so, kuma ana neman shawara kafin a zaɓa.