Muryar Jita a Ɗakin Ƙasa

Ranar da Seyni ya shigo shagon Zuliha kusa da tashar Gaya, jita ce kawai rataye a bayansa. Amplinsa, na'urar ƙara sautin jitar, na Malanbil ta ƙasar Benin wurin gyara tun kafin sojoji su karɓi mulki. Da aka rufe gadar kan iyaka sai amplin ya maƙale can.

"An ce ke ce mai ɗaukar kiɗa," ya ce, yana kallon ordinata, wato kwamfuta, da wani ɗan akwati mai fitilu.

"Ni ce. Zauna."

Ta jona jitar da akwatin, ta sa masa kaske, abin saurare, a kunne, ta ce cikin ordinatan akwai ampli kala-kala na kwaikwayo, sai wanda ya zaɓa. Ya kaɗa kaɗan, ya tsaya, ya dube ta kamar ta yi masa sata.

"Wannan ba muryar jitata ba ce. Me kika zuba mata?"

"Ban zuba komai ba. Kai dai ba ka yarda da ni ba."

"Akwatin ne ban yarda da shi ba. Ke kam ban gama shawara ba."

Ta sunkuyar da kai don kada ya ga murmushinta.

Daga nan kullum sai ya zo. Ta rage ƙarfin amplin, ta sassauta kaifin sautin, amma ya ce har yanzu kamar cikin gwangwani yake kaɗawa. Da ta tambaye shi inda ya saba jin jitarsa, ya ce ɗakin ƙasa na mahaifiyarsa a Tounouga.

"To ba ampli kake kewa ba, ɗakin ne," ta ce.

Ta ba shi ƙaramar lasifika da mikoro na ɗaukar sauti, ta ce ya saki kiɗan cikin ɗakin ya sake ɗauka, ita za ta gauraya su.

Lokaci ne da kowa ke sa wa kowa ido. Sha'ibu, wani direba da ya daɗe yana neman Zuliha tana kaucewa, ya sami mahaifinta Alhaji Yacuba.

"Alhaji, yaron nan yana bin bakin kogi da wayoyi da mikoro. Akwatin nan ma wa ya san da wa yake magana a ƙetare?"

Alhaji ya hana ta zuwa shago. Ita kuma Sha'ibu ya aiko mata cewa Seyni na da budurwa a Malanbil, ba ampli ya bari can ba.

Ba ta yarda ba sai da Seyni ya turo abin da ya ɗauka. Jitar ta fito da ɗumi, kamar yana zaune gabanta. Amma a ƙarƙashin kiɗan akwai muryar mace tana bin waƙar a hankali, ga ƙarar awarwaro. Ta maimaita ji har kunnenta ya yi zafi.

Saƙonsa ya shigo: "Zulihata, kin ji? Jitata ta dawo gida. Ke kika dawo da ita."

Ta rubuta: "Na ji. Na ji har wadda ke taya ka."

"Wace?"

"Mikoro ba ya ɓoye wa kowa, Seyni."

Ta kashe wayar.

Washegari da hantsi Alhaji ya aika a kira Seyni, ya ce a zo da akwatin. Seyni ya zo tare da wata dattijuwa mai ƙanshin hayaƙin kifi, ya durƙusa a zaure.

"Baba Alhaji, ga mahaifiyata, Inna Hajo."

Alhaji ya sa Zuliha ta jona komai a gabansa. Ya juya akwatin, ya leƙa ƙasansa, sannan ya sa kasken da kansa. Seyni ya kaɗa.

"Da wa abin nan yake magana?" Alhaji ya tambaya da ƙarfi, don kasken ya hana shi jin muryarsa.

"Da kai kaɗai, Baba," in ji Zuliha.

Kafin ya cire kasken, Inna Hajo ta soma bin waƙar ba tare da ta sani ba, awarwaronta na kaɗawa. Zuliha ta waiwaya da sauri.

"Inna, ke ce?"

"Ni ce me, 'yata? Ni da na hana shi kiɗan nan tun yana yaro?"

Seyni ya yi ƙasa da murya: "Tana bayan ƙofa tana tankaɗe. Ni ma sai jiya na ji ta."

Kunya ta hana Zuliha ɗaga kai.

Alhaji bai saki jiki ba duk da haka. Ya tura ƙanensa Baƙo Tounouga ya bincika. Baƙo ya dawo ya ce ya tambayi masunta da limami, aibi ɗaya aka faɗa masa: yaron bai iya jefa taru ba.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura auren. Da za a kai amarya, Alhaji ya dafa kanta.

"Na zarge shi, ke ma kin zarge shi, bai yi fushi da ko ɗayanmu ba. Ki riƙe shi da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Inna Hajo ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa.