Madubin Tsohuwar Mustang

Tun da matarsa ta rasu, Surajo bakanike ya koma kwana a garejinsa na Mpape, yana farfaɗo da wata tsohuwar mota ƙirar Mustang. Ran nan bayan isha'i yana goge madubinta na asali, sai ƙamshin wani tsohon turare ya buge shi. Wani dattijo ne tsaye a bayansa.

"Sannu da aiki, ɗana. Bi shi a hankali, notinsa ɗaya ya gaji."

Surajo ya ji daɗin samun abokin hira. "Baba, ka san motar ne?"

"Ai har yanzu a cikinta nake kwana."

Surajo ya yi dariya, ya ɗaga madubin ya nuna masa ƙyallinsa. Bango kawai Surajo ya gani a ciki, babu dattijon, alhali numfashi mai sanyi na sauka a ƙeyarsa.