Ɗakin Da Ba A Buɗewa Da Rana

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, wajen ƙarfe takwas na yamma, ma'aikatan motar asibiti suka buga waya ofishin 'yan sanda na wani gari a gefen Granada, a ƙasar Sifen. Sun ce wani dattijo ya faɗo daga matakalar bene ya mutu, amma likitar da ta zo ta ƙi sa hannu a takarda.

Sufeto Gervasio Ortuño ne ya tafi, tare da Saje Pili Baena. A mota ya dubi agogon hannunsa ya yi tsaki, ya ce tara ta yi bai ci komai ba.

"Takwas dai, Oga," in ji Saje. "Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa guda, kamar yadda ake yi duk shekara. Duk ƙasar ta sani ban da kai."

Gidan yana ƙarshen wani lungu, ƙarami ne mai hawa ɗaya. Gawar Anselmo Quirós tana kwance a gindin matakala, an rufe ta da zanen gado. Likitar ta ja Sufeto gefe.

"'Yarsa ta ce yanzu ta same shi. To wataƙila. Amma mutumin nan ya sandare, ya kai awa bakwai da mutuwa. Ga ƙeyarsa a fashe. Ina jinin?"

Sufeto ya dubi daɓen. Babu ko ɗigo.

'Yar tana tsaye jikin bango, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Sunanta Nieves, shekarunta talatin da huɗu, amma fuskarta ta girmi haka.

"Ina kika yini yau?"

"Gidan ƙawata, Yallaɓai, a cikin Granada. Tun safe na fita. Da na dawo na gan shi a nan."

Wani nishi ya fito daga ɗakin ciki. Nieves ba ta nemi izini ba ta ruga. Sufeto ya bi ta ya tsaya a bakin ƙofa. Wata tsohuwa ce a gado, ta rame har ƙasusuwan kafaɗarta suna ɗaga riga. Nieves ta zura hannu ƙarƙashinta a hankali, ta juya ta, ta gyara mata matashi, ta ɗiga mata wani mai a ƙarƙashin harshe daga ƙaramar kwalba.

"Mamata ce, Encarna. Ciwon daji ne, ya shiga ƙashi. Duk awa biyu sai an juya ta."

"Wa yake juya ta?"

"Ni. Bayan Baba ya daɗe da lalacewa, ba ya iya ɗaga ta. Ba ta da kowa sai ni."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya yi mata ta'aziyya. Sai da suka shiga mota ya ce, "Duk awa biyu, Pili. Amma ta yini a Granada."

"Na ji, Oga. Na so a ce ban ji ba."

Washegari da safe likitan gawa ya kira su. Ya ce ƙugun mamacin ya karye, kuma jini ya yi ta zuba a cikin kansa sannu a hankali.

"Ba nan take ya mutu ba. Ya yi awa huɗu ko biyar da ransa. Da an kawo shi da wuri, da yanzu yana kwance yana zagin abincinmu."

Ya ɗaga hannun gawar ya ce Sufeto ya sunsuna. Yatsun suna da danƙo, suna warin tabar wiwi ɗanya. Daga aljihun wando kuma an ciro ƙugiya biyu na ƙarfe, sababbi, da takardar shagon Toño Zafra manne a jikin ɗaya.

Shagon yana bayan kasuwa. Tukwanen shuka ne da taki da fitilu jere har rufi. Toño yana cin burodi da man zaitun da tumatir a kan kanta.

"Quirós? Ban san shi ba, Yallaɓai. Ni masu barkono da furanni nake sayar wa kaya."

"Furanni," in ji Saje. "Shi ya sa rabin samarin garin nan suka zama masu lambu, ko?"

Sufeto ya ajiye ƙugiyar a gefen burodin. "An same ta a aljihun gawarsa."

Toño ya daina tauna. Ya goge baki, ya zauna.

"Gawa? Wayyo, tsoho mai taurin kai. Wallahi na faɗa masa."

"Me ka faɗa masa?"

"Bara ya zo ya ce yana son fitilar LED, don tsohuwar fitilar shukarsa tana zafi, tana shan wuta, maƙwabta sun fara surutu. Na nuna masa wata ƙarama wadda ake iya rage wa haske. Ya ce a'a, sai babbar. Wai shi shekara talatin ya yi yana noman tumatir a rumfunan leda, ba yaron da zai koya masa rana. Na ce Baba Anselmo, ɗakinka kamar akwati ne, wannan ta fi ƙarfinsa. Na ce to ɗauki igiya mai jan kai, kana tsaye a ƙasa ka ɗaga ka sauke. Ya ce sarƙa ta fi aminci."

"Sai me?"

"Ranar Juma'a ya dawo da kan shuka a cikin hankici, ya yi fari kamar auduga. Ya ce cuta ce. Na ce ba cuta ba ce, fitilarka ce ta sauko da yawa. Ya ce ai ya sa bayan hannu a ƙarƙashinta bai ji zafi ba. Haka duk tsofaffin hannu suke yi, sun saba da fitilar da ke ƙona fata. Wannan ba ta ƙona fata, ganyen take cinyewa shiru. Na ce ya ɗaga ta sama. Shi ne ya karɓi ƙugiyoyin."

"Sayar da wiwin yake yi?"

"Haba, Yallaɓai! Tushe shida? Na matarsa ne. Maganin asibiti amai yake sa ta. Man da ake tatsa daga shukar ne kawai ke barin ta ta runtsa."

Ƙarfe goma sha biyu na rana suka koma gidan da takardar bincike, tare da wasu 'yan sanda. Nieves ta karanta ta har sau biyu, leɓɓanta suna motsi. Suka hau bene. A ƙarshen baranda, bayan wani labule, akwai ƙofa da aka liƙe gefunanta da baƙar roba, an tura tsohon tawul a ƙarƙashinta.

Saje ta kai hannu. Nieves ta sha gabanta ta jingina bayanta da ƙofar.

"Don Allah ba yanzu ba. Ku bari sai bakwai na yamma. Suna cikin duhu. In haske ya shiga yanzu..."

Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"Matsa, 'yata," in ji Sufeto.

Ɗakin bai fi tabarma biyu ba. Shuke-shuke shida ne a tukwane, sun kai ƙirjin mutum, kawunan na tsakiya sun yi fari. Fitilar, faffaɗa kamar murfin tebur, tana reto a karkace, sarƙa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kujerar katako tana jingine a kusurwa da ƙafa ɗaya a karye. An wanke daɓen, amma tsakanin tayil da tayil jini ya bushe ya yi baƙi.

Sufeto ya durƙusa da ƙyar gaban soket. Akwai wani ɗan agogo mai zagaye a jiki, wanda ke kunna fitilar ya kashe ta. An saita shi ya kashe ƙarfe takwas na safe, ya kunna takwas na yamma.

"Ƙarfe nawa yanzu, Pili?"

"Sha biyu da minti goma."

"Wannan ya ce ɗaya da minti goma. Shi ma ba wanda ya gaya masa."

A kicin suka zaunar da Nieves. Ƙofar ɗakin mahaifiyarta tana buɗe, ta miƙe za ta rufe, Sufeto ya ce ta bar ta.

"Ba ki je Granada ba."

"Ban je ba."

"Faɗa min tun daga safe."

Ta dubi hannuwanta.

"Kullum bakwai yake shiga, ya yi awa guda kafin fitila ta mutu. Jiya wayarsa ta gyara lokacinta da kanta. Ta ce masa bakwai saura biyar, shi kuwa agogon ɗakin yana takwas saura biyar. Ya hau kujera, ya cire sarƙa ɗaya, fitilar tana hannunsa. Sai ta mutu. Ina kicin na ji faɗuwarsa."

"Kika hau."

"Na hau da gudu. Na kama hannun ƙofa, sai ya yi min tsawa. Ya ce, 'Nieves, kada ki buɗe! Saura sati uku a yanke. Ƙafata ce kawai, zan kwanta a nan har yamma.' Na ce Baba bari in kira motar asibiti. Ya ce in masu mota sun shigo, 'yan sanda na bayansu, daga nan uwarki ta shiga uku."

"Kuma kika bi maganarsa."

"Yallaɓai, ba ka nan bara. Ni na bar ƙofar nan a buɗe kwana biyu ban lura ba, haske ya shiga lokacin da shukar ke buƙatar duhu, ta lalace, ta yi 'ya'ya, man bai yi ƙarfi ba. Wata biyu Mama tana ihu. Ta ciji hannunta har ya yi jini. Ta roƙe ni in danne ta da matashi. Baba bai taɓa ce min laifina ba ne, ko sau ɗaya. Sai dai ya fita tsakar gida ya toshe kunnuwa."

Saje ta daina rubutu, ta kuma ci gaba.

"Na zauna a bakin ƙofar muna magana. Yana ta yi min ba'a, wai ni da na karanta littattafai dubu ban san a mayar da agogo ba. Ya ce yana jin sanyi. Ya ce in ƙara tura tawul, yana ganin haske ta ƙasa. Na tura. Duk awa biyu in sauka in juya Mama in dawo. Wajen sha ɗaya maganarsa ta fara hargitsewa, yana kirana da sunan yayarsa. Wajen sha biyu ya yi shiru."

"A nan ba wanda zai hana ki buɗewa."

"Na ce barci ya yi."

"Kin yarda barci ne?"

Ta girgiza kai.

"A'a. Na san in na buɗe na same shi da rai, dole in kira mota. In kuma na same shi ya mutu, na ɓata shukar a banza. Sai na zauna. Bakwai ta yi, na ga haske ta ramin makulli, na buɗe. Fitilar tana reto a kansa, idonsa a buɗe. Na ja shi a kan bargo, mataki ɗaya ɗaya, ina ba shi haƙuri. Na koma na wanke ɗakin, na maƙale sarƙar yadda na iya."

Daga ɗakin ciki wata siririyar murya ta ce, "Yallaɓai."

Sufeto ya shiga. Encarna tana kallon rufi. Ɗakin shukar yana saman gadonta daidai.

"Ka rubuta har da ni. Duk na ji. Faɗuwarsa, da nishinsa, da lokacin da ya daina. Sau biyar yarinyar nan ta sauko ta juya ni. Kalma ɗaya ce, in ce mata je ki buɗe, da ta buɗe. Shekara arba'in muna tare da shi. Na dubi kwalbar nan na ga saura kaɗan, na yi shiru."

"Ki huta, Mama," in ji Sufeto. Bai rubuta ba.

Ya koma kicin ya sanar da Nieves cewa ya kama ta bisa laifin ƙin ceton mahaifinta, da gusar da gawa, da noman wiwi. Ya ce alƙali ne zai duba sauran, kuma shi zai faɗi duk abin da ya gani. Yana magana yaransa suna saukowa da tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana zuba a matakala. Na ƙarshe ya shiga ɗakin tsohuwar ya ɗauki kwalbar, ya saka a ledar shaida.

Saje ta buga waya ofishin jin daɗin jama'a, tana neman wurin da za a kula da tsohuwar. Suka ce babu gado a ko'ina, sai dai su turo mace gobe da hantsi, ta yi awa ɗaya.

Nieves ta nemi minti biyu. Ta shiga ta juya mahaifiyarta zuwa hagu, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta, ta sumbaci goshinta. A bakin ƙofa ta kama hannun Saje.

"Ƙarfe uku sai dama. Kada a ja ta ta hannu, ƙashin zai karye. Ta ƙarƙashin kafaɗa ake shiga."

"Ni zan zauna har shida," in ji Saje. "Bayan nan ban sani ba."

Sufeto bai sa wa Nieves ankwa ba. Ya buɗe mata ƙofar mota, ta shiga ta zauna. Bai kai ga tada injin ba suka ji ihun Encarna na farko ya fito daga cikin gidan. Nieves ta kai hannu ga ƙofar motar, amma ta baya ba ta buɗuwa daga ciki.