Keken Baba Saverio Mai Sirdi Biyu

Safiyar Asabar ce a garin Myrtleford. Ƙamshin kofi ya cika kicin, Ornella kuwa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta yanka biredi, ta leƙa taga. Ta naɗe cuku a takarda, ta sake leƙa taga.

"Tagar nan ta ƙoshi da fuskarki," in ji mahaifinta Saverio, yana kurɓar kofi. "In dai saurayin naki ne, ai sai dai ki ga ƙurarsa. Wannan yaron ba ya tafiya, tashi yake yi."

"Haba Baba, yau fa ka yi alkawari ba za ka tsokane shi ba."

"Na yi alkawarin hawa keke da shi. Bakina bai yi alkawarin komai ba."

Saurayin shi ne Fergus, malamin makaranta, wanda duk kwarin nan aka san shi da tseren keke. Wata guda ke nan da ya zo neman auren Ornella, tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi shi ba ya sanin mutum sai sun hau keke ɗaya. Ornella kuwa ita kaɗai Allah ya ba shi, ta kuma riga ta faɗa wa Fergus cewa ba za ta yi aure ba sai da albarkar mahaifinta.

Keken da ake magana dogo ne, kore, mai sirdi biyu. Shekara talatin Saverio da matarsa Rosaria suna hawansa kowace Asabar, su bi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta kekuna, su je garin Bright cin abincin rana wajen aminiyarsu Inna Nunzia. Da Rosaria ta rasu shekara biyu da suka wuce, idanun tsohon kuma suka yi rauni, sai aka rataye keken a rumfa. Sai jiya Ornella ta sauko da shi, ta goge, ta sa wa sarƙarsa mai, tana waƙa.

Fergus ya iso cikin matsattsun kayan tsere, yana ta murmushi. Saverio ya shafa hannun rigar ya ce, "Wannan riga ce ko fatar kifi?"

"Don iska ce, Baba."

"To yau iska ba ta gayyace mu ba. Saurara. Kai ne a gaba, ni a baya, don ni yanzu inuwa kawai nake gani. Na gaba shi ne idon na baya. Ka ga rami, ka faɗa mini. Za ka canja giyar keke, ka faɗa. Za ka taka birki, ka faɗa. Sarƙarmu ɗaya ce, duk yadda ƙafarka ta juya haka tawa za ta juya. Ka gane?"

"Na gane sarai."

Suka kama hanya, Ornella na biye da su a kan nata keken, kwando cike da biredi da lemon tsami na Inna Nunzia. Wayyo daɗi. Watan Satumba ne, lokacin da a can sanyi ke fara sakin ƙasa, itatuwa sun yi fure, can kan dutse akwai sauran ƙanƙara tana ƙyalli. Fergus na cewa "rami," "giya," tsohon na amsawa. Tun yana ɗaure fuska har ya saki, ya fara kaɗa ƙararrawa yana gaida mutane da jin muryarsu kawai. Ornella ta ji kamar ta tashi sama. Rabon da ta ji dariyar mahaifinta irin wannan tun kafin rasuwar mahaifiyarta.

Da suka wuce ƙauyen Eurobin, Saverio ya ce, "Akwai wata 'yar gadar katako a gaba. Nan za mu tsaya."

Bai rufe baki ba sai ga magfai, tsuntsun nan mai fari da baƙi kamar hankaka, wanda in ya yi ƙyanƙyasa yakan kai wa duk mai keke sura. Ya sauko kamar jifa, ya buga hular kwanon Fergus, ƙwas. Fergus ya yi abin da kowane ɗan tsere ke yi: ya sunkuyar da kai, ya taka feda iya ƙarfinsa, bai ce uffan ba. Ƙafafun tsohon suka suɓuce, fedar ta riƙa dukan ƙaurinsa, yana riƙe da ƙarfe yana kiran a tsaya. Sai da suka bar gadar nesa sannan Fergus ya ankara.

Saverio ya sauka, jini na bin safarsa. Ya zaro wani ɗan ƙullin niƙaƙƙen nama daga aljihu, ya jefar a ciyawa.

"Baba, ka yi haƙuri, tsuntsun ne…"

"Ba tsuntsun ba ne. Ka manta akwai mutum a bayanka." Ya juya wajen 'yarsa. "Kin gani? Da tsoro ya zo, kansa kaɗai ya tuna. Haka zai yi miki ranar da rayuwa ta kawo sura. Ban yarda ba. Kira Nunzia ta zo ta ɗauke ni a mota."

Ornella ta durƙusa tana ɗaure masa ƙafa da ɗankwalinta, hawaye na ɗiga a kan hannunta.

Washegari Fergus ya same ta a bakin kogi, idanunta sun kumbura. Ya ce, "Nella, mu fa ba yara ba ne. In mun je ofishin rajistar aure, babu mai tambayarmu izinin kowa."

"Na sani. Sai in bar shi da wa? Ina sonka, Fergus, amma ba zan shiga gidanka ta kan zuciyar mahaifina ba." Ta share hawaye. "Ka san me ya sa ya ce a tsaya a gadar? Mama ce. Kowace Asabar takan sauka a nan, ta cire hula, ta ba tsuntsayen nama. Magfai ba ya manta fuska. Shekara da shekaru ba su taɓa kai wa iyayena sura ba. Jiya so ya yi ya gaida tsuntsayen matarsa, kai kuma ka wuce da shi a guje."

Fergus ya ce, "Wane irin nama suke ci?"

Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya tafi makaranta, sai ya je gadar. Ya jingine keke nesa, ya cire hula, ya taka a hankali da ƙullin nama a hannu. Ranar farko aka tsaga masa kunne. Rana ta uku aka kwashe masa gashi. Abokan tserensa suka yi ta yi masa dariya, suna kiransa bawan tsuntsu. Bai fasa ba. Ornella kuwa ba ta sake ɗaga maganar a gida ba. Ta ci gaba da wanke wa mahaifinta ciwo, tana dafa masa taliyar da yake so, in kuka ya zo ta shiga rumfa ta yi abinta kusa da koren keke.

Inna Nunzia ce ta fasa maganar a waya, bayan mako huɗu. "Saverio, kai dai taurin kanka ya fi na jakin ubanka. Yaron nan kullum yana gadar Rosaria, kunnensa duk filasta. Ni kuma na gaji da cin abincin Asabar ni kaɗai. Gobe zan murza taliya ta mutum huɗu, kada wanda ya sa ta yi kwantai."

Asabar ta zo, gida ya sake kacamewa da murna. Ornella har gishiri ta zuba a kofi don rawar jiki. Fergus ya iso cikin tsohuwar riga mai faɗi. Saverio ya hau sirdin baya.

"Za mu tashi, Baba. Ƙafar dama. Ga ɗan rami. Ga ganye. Ga kashin saniya ta hagu."

"Kai, ya isa. Na ce ka zama idona, ban ce ka zama rediyo ba."

Ornella ta tuntsire da dariya har kekenta ya yi tangal-tangal.

Saura kaɗan su kai gadar, wani baƙon magfai da bai san kowa ba ya taso daga kan itace. Ornella ta gan shi. Sai ta ji muryar Fergus a natse: "Baba, tsuntsu na zuwa ta dama. Ka sunkuya a bayana. Zan rage gudu. Birki yanzu." Tsuntsun ya bugi hular Fergus sau ɗaya, ya zagayo ya yage shi a wuya. Keken bai ko girgiza ba. Suka gangara a hankali har gada.

"Mun iso, Baba. Sauke ƙafar hagu."

Fergus ya cire hula, ya yi ɗan fito. Tsuntsaye biyu suka sauko, ɗaya a kan katakon gada, ɗaya a kan hannun keken, ya ɗaga wuya ya saki kukan nan nasu mai zaƙi kamar sarewa a cikin ruwa. Saverio ya tsaya cak.

"Mai ɗingishin nan na Rosaria ne?"

"Shi ne, Baba. Ƙafar hagu."

Fergus ya zuba wa Saverio nama a tafin hannu. Tsohon ya miƙa hannun, tsuntsun ya ɗauka a hankali. Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa. Ya lalubo wuyan Fergus, ya ji danshin jini.

"Ya same ka, ba ka gudu ba."

"Akwai mutum a bayana."

Saverio ya kamo hannun 'yarsa ya ɗora a kan na Fergus. "Na ba ka, ɗana. Keken ma na ba ku. Amma ranar Asabar sirdin baya nawa ne, ita ta biyo mu da kwando."

Ornella ta rungume su duka biyu, tana kuka tana dariya. Ragowar hanyar kuwa ƙararrawa ba ta huta ba, duk wanda suka haɗu da shi sai tsohon ya sanar da shi akwai biki. Tun daga nesa suka hango Inna Nunzia a ƙofar gida, tana ɗaga ludayi.

"Kun makara shekara biyu," in ji ta. "Ku wanke hannu."

To 'yan mata da samari, ku riƙe wannan. Da Ornella ta bi gajeriyar hanya, da ta samu miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri, ta samu duka biyun. Aure kuwa tafiya ce ta mutum biyu a kan keke ɗaya, kuma ba a gane mai ƙaunarka a lokacin da hanya take shimfiɗe. Ana gane shi ne ranar da tsoro ya sauko masa a ka, bai manta kana bayansa ba.