Gidanmu Babu Shawa

Duk wanda ya san garin Limuru na ƙasar Kenya a watan Yuli ya san mura. Gajimare kan sauko har cikin gonakin shayi, yayyafi ya wuni yana zuba, yara su tafi makaranta kowa yana jan hanci. To, a irin wannan lokaci ne mura ta kama Githinji, yayan Nyakio.

Ita mura ai ba baƙuwa ba ce. Matsalar ita ce Githinji shi ke ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙan makarantarsu. Shi zai rera, sauran su amsa. Ga gasar makarantun yankinsu ranar Asabar, ga shi bana ce shekararsa ta ƙarshe a firamare. Malamin waƙa ya riga ya faɗa masa, in muryar ba ta buɗe ba, wani za a sa.

Nyakio tana aji huɗu. Tana son yayan nan nata ƙwarai, duk da kullum cikin tsokanarta yake. Ganinsa zaune bakin murhu yana numfashi ta baki ya ba ta tausayi.

A makon ne Malama Mukami, mai koyar da kimiyya, ta koya wa ajinsu yin dunƙulen surace. Suka haɗa garin soda da garin tsamin lemo da sitaci. Malama da kanta ta ɗiga man ganyen turare, doguwar bishiyar nan mai ƙamshin man zafi. Suka yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, suka danna garin cikin murafan kwalba. Washegari ya bushe ya yi tauri, kowa ya samu guda uku.

"A ƙasan shawa ake ajiye shi," in ji Malama. "In ruwan zafi ya taɓa shi sai ya narke, ƙamshin ya bi tururi ya buɗe hanci. Akwai mai tambaya?"

Akwai kuwa! Gidan su Nyakio babu shawa. Ɗakin wankansu na kwano ne a bayan gida, da bokiti da moɗa. Ta fara ɗaga hannu, sai ta ji Njambi, wadda ke zaune kusa da ita, tana cewa, "Mu shawarmu har biyu ce, ta sama da ta ƙasa."

Nan take hannun Nyakio ya koma kan tebur. Kunya ta kama ta. Ta ce a ranta, "In na tambaya dariya za su yi mini. Ai ruwa ruwa ne, zan gane da kaina."

Da yamma, kafin Mama ta dawo daga tsinkar ganyen shayi, Nyakio ta ɗora ruwa a murhun gawayi. Ta juye a bokiti, ta sirka, ta kai ɗakin wanka. Ta jefa dunƙule ɗaya a ciki. Ruwan ya yi shuuu, ya yi kumfa. Abin ya burge ta, sai ta ƙara sauran biyun.

"Yaya, zo ka yi wanka. Na haɗa maka magani."

Githinji ya dube ta, ya ce da toshasshiyar muryarsa, "Iye! Likita bokan Turai. Yaushe aka buɗe asibiti a gidan nan?"

"Kai dai je ka gani."

Ya shiga, ya ja ƙofa. Moɗar farko a kai ya zuba.

"Wayyo idona! Wayyo Mama!"

Ya fito a guje da tawul, idanu a rufe, ya yi karo da kaza, ya ture tukunya. Allah ya taimaka, daidai lokacin Mama ta shigo da kwandonta a baya. Ta yar da kwandon, ta riƙe kansa, ta yi ta zuba masa ruwa mai tsabta a ido har zafin ya lafa. Idanun dai sun yi jawur, wuyansa kuma sai ƙaiƙayi.

Mama ta juyo. "Nyakio, me kika zuba a ruwan nan?"

Nyakio ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

"Malama ce ta ce a zuba a bokiti?"

"A'a. A ƙasan shawa ta ce."

"To, mu muna da shawa?"

"A'a."

"Me ya hana ki tambaya?"

Nyakio ta sunkuyar da kai. "Kunya na ji, Mama."

Mama ba ta dake ta ba. Ta dai ce, "Bokitin nan shi ya raine ki, ban ga abin kunya a jikinsa ba. Dubi idon yayanki. Wannan ne abin jin kunya."

Washegari Githinji bai je gwajin waƙa ba. Nyakio ta ji labari a hanya cewa an fara gwada wani yaro a madadinsa. Hankalinta ya tashi sosai, don ta san ita ta jawo.

Da Malama Mukami ta shigo aji, Nyakio ta miƙe. 

"Malama, ina da tambaya. Mu gidanmu babu shawa. Da bokiti muke wanka. Ina za mu ajiye dunƙulen?"

 Can baya wani yaro ya ce, "Malama, mu ma haka." Wata ta ce, "Mu ma baho ne." Kafin ka ce kwabo, hannaye sun cika aji. Ashe tun farko kowa ya yi shiru ne yana tsoron kowa! Har Njambi ta ce a hankali, "Tamu shawar ma ruwa ba ya zuwa sai ranar Lahadi." Aka kwashe da dariya, har da ita.

Malama ta ce, "Ni ma da laifina, da ban yi muku bayanin bokiti ba. Na gode, Nyakio. Ku saurara. A kusurwar ɗakin wanka za ku ajiye shi, a ƙasa, nesa da ƙafa. Ku riƙa ɗiga masa ruwan zafi da moɗa. Shaƙarsa ake yi, ba a wanka da shi, don man yana da ƙarfi. Guda ɗaya ya isa. Kuma sai da sanin babba, ban da jarirai."

"Zai warkar da mura, Malama?" in ji Nyakio.

"A'a. Hanci kawai yake sassautawa. Mura sai hutu da abin sha mai ɗumi. In ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a tafi asibiti."

Bayan an tashi, Malama ta zauna da ita suka haɗa sababbi. Wannan karon Nyakio ta yi ta tambaya har Malama ta ce, "Ke, bar wasu sai gobe!"

Da suka bushe ta kai wa Mama. Githinji yana ganinsu ya ja baya.

"Ni da wannan abu? Haihata-haihata! Ido biyu kacal gare ni, Likita."

Mama ta ce, "Wuce ka shiga, sarkin tsoro. Ni zan ajiye da hannuna."

Ya shiga yana gunaguni. Nyakio ta tsaya a waje, ta kasa kunne. Ta ji shuuu. Ta ji shiru. Sai ta ji wani dogon numfashi, irin na hanci. Can kuma sai waƙa ta taso daga ɗakin kwanon nan, a hankali, da ɗan dishi, amma waƙa ce. Nyakio ta daka tsalle.

Mama ta riƙa dafa masa citta da lemon tsami da zuma. Ya yi ta hutawa, yana surace safe da yamma. Ranar Juma'a malamin waƙa ya saurare shi, ya gyaɗa kai, ya ce, "Koma wurinka."

Ranar Asabar zauren gasa ya cika maƙil. Githinji ya fito gaba, ya ja iska ya cika ƙirji, ya saki murya. Kai, ranar an ji waƙa! Murya tar, har bayan zaure. Ƙungiya ta amsa, ƙafafu suka buga ƙasa, iyaye mata suka rangaɗa guɗa. Da aka kira makarantarsu a ta ɗaya, Mama ta manta da gajiyar tsinkar shayi ta shiga rawa.

Githinji ya ratso taro, ya ɗaga Nyakio sama, ya ce wa abokansa, "Ku tafa wa ƙanwata! Ita ta kusa makantar da ni, ita kuma ta buɗe mini hanci."

Nyakio ta yi dariya har da hawaye. Tun daga ranar, in ba ta gane abu ba sai ta ɗaga hannu, ko wa zai yi dariya ya yi. Ta gane cewa kunyar tambaya tana cutar da mutum, har ta shafi wanda yake ƙauna. Matambayi kuwa ba ya ɓata.