Gwanki a Bankin da Ba Kuɗi

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Muryar Gwanki dai tana nan yadda ya san ta. Gwiwa ce ta ci amanarsa. Shekara ashirin da suka wuce, tsalle ɗaya yake yi ya haye kantar banki, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Yau ya yunƙura — gwiwar hagu ta ce ƙas! Sai ya zagaya ta 'yar ƙofar gefe, kamar wanda ya zo a sa masa hannu a takarda.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Mutum tara a ƙasa, mai gadi ya riga kowa. Auta, ƙanen Gwanki, yana bakin ƙofa da bindiga, furfura na leƙowa ta ƙasan hular da ya rufe fuska, yana ta danne tari. Injiniya ya riga ya shige ciki, ɗakin na'urori. Direba yana waje, mota a kunne.

Gwanki ya fizgo durowa ta farko. Biro uku. Ta biyu, igiyar cajin waya. Ta uku, rabin biskit.

"Ina manaja?"

Wata mata mai tabarau ta ɗaga hannu daga inda take kwance. "Ni ce."

"Tashi. Ɗakin ajiyar kuɗi. Da sauri."

"Baba..."

Kalmar ta fi mari zafi. A zamaninsa "ranka ya daɗe" ake ce masa, ana kuka.

"Baba, wata takwas ke nan ba ma ajiye tsabar kuɗi a wannan reshen. Komai ta waya ake yi. Mu nan buɗe asusu ne aikinmu, mu ɗauki hoto da zanen yatsa, mu gyara wa wanda wayarsa ta ƙi shiga. An ma rubuta a ƙofa."

An rubuta kuwa. Ya ga rubutun. Tabaraunsa na karatu ne ya baro a gida, don a ganinsa ɗan fashi da tabarau abin dariya ne.

Gwiwa na zugi, kai na juyawa. Ya dafa kantar banki da tafin hannu don ya huta. Bai taɓa sa safar hannu ba, ya ce ta 'yan fim ce. Wani ɗan gilashi ya kawo koren haske a ƙarƙashin babban yatsansa. Allon da ke kan kantar ya farka, wata murya mai daɗi ta ce, "Barka da zuwa." Sannan ta kira sunansa na gaskiya da na mahaifinsa, tiryan-tiryan. Ga hotonsa ya cika allo, yana murmushi.



"Yaya," in ji Auta daga bakin ƙofa, "sun san ka ne?"

Ya san hoton. 'Yarsa ce ta ɗauka bara, a tsakar gida. Tela ce, a ɗakin bayan shagonta yake zaune tun da ya fito daga kurkuku. Ta ɗora masa waya a fuska ta ce, "Baba, kifta ido. To, ɗora yatsa nan." Ta ce don ta riƙa tura masa na magani ba sai ya tambaya ba. Bai ma tambayi sunan bankin ba.

*

Sati uku kafin nan, da tsakar rana, a garejin Direba aka ƙulla maganar. Injiniya ne ya kawo harkar. Mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, siriri, mai tsafta, ya ce ya taɓa aiki da kamfanin da ya haɗa wa bankin na'urori.

"Ranar Alhamis ake kawo kuɗin albashi," ya ce. "Ni zan kashe kyamarori da ƙararrawa. Ku ba ni minti shida. Ku riƙe mutane, ku kwashe abin da ya samu."

Auta bai so ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tuba, yana facin taya a bakin titi, da matarsa da 'ya'ya huɗu. Bayan Injiniya ya tafi ya ja wansa gefe.

"Yaya, mutumin nan bai kwanta mini ba. Sau uku yana zuwa, bai taɓa cire takunkumin fuska ba, wai mura. Bai taɓa kiran wayar kowa ba. Ko kofin shayinmu bai taɓa ba."

"Tsoro ne ya kama ka, mai faci."

"Tsoro kam akwai shi."

"Ni fa mutum in ya zauna gabana, kafin ya buɗe baki na karanta shi. Wannan ɗan boko ne, yunwa ta koro shi. Aiki ɗaya ne, Auta. Na gaji da jin wayata ta yi ƙara in ga 'yar cikina ta turo mini na magani."

Auta ya kalli hannuwansa masu baƙin mai. "Ba zan bar ka ka je kai kaɗai da wannan gwiwar ba," ya ce.

*

A ofishin 'yan sanda, Kofur mai kula da kwamfuta ta juyo da kujerarta.

"Ranka ya daɗe, ana fashi a banki. Bankin ne ya turo da kansa. Ga suna, ga hoto, ga adireshi, har da lambar 'yarsa."

Sufeto ya sunkuyo. Ya kalli hoton, ya cire hula ya sosa kai. "Wannan ai ina kurtu aka kama shi. Yana raye ashe. To wane mai hankali ne zai yi fashi a reshen da ba a ajiye kuɗi?"

"Akwai abu na biyu, ranka ya daɗe. Sun ce wani ya shiga ɗakin na'urorinsu da mabuɗin tsohon ma'aikaci. Yanzu haka bayanai na fita."

"A fito da mota biyu."

*

Gwanki ya ja ƙafa zuwa ɗakin na'urori. Sanyi kamar cikin firij. Akwatunan ƙarfe a jere, fitilu na ƙyaftawa. Ƙofar baya a buɗe, rana na shigowa. Babu Injiniya.

A bango akwai allo mai gida tara, kowane gida kyamara ce, kuma dukkansu na aiki. A gida na bakwai ya ga wani tsoho mai ranƙwafaffen baya, riƙe da bindiga kamar an ba shi ajiya. Sai da ya ɗaga hannu tsohon ya ɗaga, sannan ya yarda shi ne.

Nan ya gane. Ba abokan aiki Injiniya ya nema ba, makaɗa ya ɗauka haya. Su yi ta buga ganga a gaba, kowa ya kalle su, shi kuma ya shiga ta baya ya ɗauki abin da ya kawo shi.

Da ya dawo, wata dattijuwa cikin waɗanda ke kwance ta ɗago kai. "Bawan Allah, in kun gama ku bar ni in zauna. Bayana ne."

"Zauna, Inna," ya ce. Ya san ciwon.

Jiniya! Daga nesa, amma tana matsowa.

"Yaya, mu ware!"

Shekara talatin yana sana'ar nan, bai taɓa fita hannu rabbana ba. A gefen ƙofa ya hango wani buhu mai hatimin banki, an ɗaure bakinsa da dalma. Ya sunkuce shi — nauyi kamar dutse. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Manaja ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa.

Waje — rana — ihu. Motar 'yan sanda ta shawo kwana. Direba ya buɗe ƙofa yana dukan sitiyari. Gwanki ya jefa buhu, ya faɗa a kai. Auta yana baya, yana jiran wansa ya gama shigar da ƙafar nan. Tari ya sarƙe shi, hannunsa ya matse — tau! Harsashi ya tafi sama, bai sami ko tsuntsu ba.

'Yan sanda ba su san tari ne ba. Tau! Tau!

Auta ya faɗo cikin mota. Direba ya taka.

Layi na farko, kwana, layi na biyu. Direba na zagin uwar kowa. Gwanki ya cire wa ƙanensa hula, ya ɗora kansa a cinya, ya danna tafin hannu a ƙirjinsa. Jini na bulbulowa ta tsakanin yatsu.

"Yaya."

"Yi shiru. Asibiti za mu."

"Ƙarya kake, ba ka iya ta ba tun muna yara." Ya yi ƙoƙarin dariya, ta koma tari. "Buhun... da nauyi?"

"Da nauyi."

"To madalla. A fara cire na uwar yaran nan. Kada ka ce mata a banki ne. Ka ce mota ce ta buge ni."

Bai ƙara magana ba.

A mahaɗar titi ta uku motar 'yan sanda ta biyu tana tsaye tana jiransu, har sun kashe inji. Kyamarar kowace fitilar hanya da suka wuce ta ba da labarinsu. Direba ya taka birki, ya fita da hannu a sama, tun ba a tambaye shi ba yana cewa, "Ni haya aka ɗauke ni, ranka ya daɗe, ga shugaban nan a baya." Gwanki bai motsa ba. Ko da gwiwa biyu lafiyayyu, ba zai ajiye kan nan a kujera ya gudu ba.

*

Da la'asar Sufeto ya sa aka yanke dalmar a gabansa. Aka zazzage buhu a kan tebur. Takardu ne. Tsofaffin fom na buɗe asusu, waɗanda aka riga aka kwafe cikin na'ura, ana jiran motar da za ta kai su a niƙe.

Gwanki ya kalli tulin. "Aƙalla da nauyi," ya ce. Babu wanda ya yi dariya, har shi.

Sufeto ya ja kujera. "Bari in gaya maka abin da aka sata yau, tunda kai ba ka sani ba. Sunayen mutum dubu arba'in, da lambobinsu, da hotunansu, da mabuɗan shiga asusunsu. A cikin wani abu da bai kai akwatin ashana ba. Kafin banki ya rufe hanya, an yashe mutane da yawa. 'Yarka na ciki."

Ɗakin ya juya masa.

"Taimaki kanka. Meye sunansa?"

"Injiniya."

"Sunansa na ce."

Sufeto ya ƙara matsowa.

"Lambarsa? Unguwarsu? Kamanninsa?"

"Siriri ne. Yana da... ido."

Kofur ta daina rubutu ta dube shi da tausayi, irin wanda ake yi wa tsohon da ya ɓata a kasuwa. Mai karanta mutane kafin su buɗe baki, ga shi an ba shi jarrabawa ya fito da sifili. Na'ura ta san sunan ubansa cikin daƙiƙa ɗaya, shi kuwa sati uku yana zama da mutum bai san ko yana da gemu ba.

Alƙali bai ɓata lokaci ba. Direba shekara goma sha biyu. Gwanki ashirin da ɗaya, abin da a shekarunsa ake kira har abada. Auta an binne shi ba wansa a wurin, kuma matarsa a waya ta ga yadda aka yi, ita da duk garin, don hoton fashin ya zagaya kafin magariba. Injiniya har yau ana nema.

Sai bayan wata biyu 'yarsa ta zo. Ta zauna a ɗaya gefen wayar ƙarfe, ta rame, zare na maƙale a gefen mayafinta. Ta ajiye ledar magani.

"Na shafawa ne, safe da yamma. Likita ya ce ka rage tsayuwa."

"Nan ai zama ne aikinmu." Ya jira ta yi murmushi. Ba ta yi ba. Ya sunkuyar da kai. "Abin da aka ɗebe miki... jarin shagon..."

"An mayar."

Ya ɗago.

"Bankin yana da kwafin komai a ajiye a wani wuri. Cikin kwana uku suka duba, suka mayar wa kowa nasa, suka canja mana mabuɗai. Babu wanda ya rasa komai, Baba." Ta gyara mayafi, ta miƙe. "Baffa Auta ne kawai ba su da kwafinsa. Biyu cikin yaransa suna wurina yanzu, a ɗakinka suke kwana."

Ya so ya tashi ya raka ta ko da taku biyu ne. Kafin ya gama dafa benci, gandiroba ya riga ya kira na gaba.